Kare ko Karya: Wanne Za Mu Kai Gida?

 

A wannan makon mun ɗan jingine maganar darussa saboda wata tambaya da ta zo mana daga wani ƙanenmu, ɗan aji biyu na babbar sakandare a garin Isa. Ya ce karyar maƙwabcinsu ta haifi 'yan kwikwiyo shida, maza uku mata uku, kuma mahaifinsa ya yarje masa ya ɗauki ɗaya domin tsaron awakinsu da 'yar gonarsu ta fadama. Yayansa ya ce ya ɗauki namiji, ya fi ƙarfi da kwarjini. Kakarsa ta ce mace ta fi zaman gida. Da ya duba waya don neman mafita, sai ya tarar da Turawa suna ta muhawara a kan wani kare mai yalwar gashi da ake kira Golden Retriever, wasu na cewa namiji, wasu na cewa mace. Nan ya ƙara rikicewa, ya ce mu raba gardama.

Kafin mu shiga, ga ɗan darasin Hausa kyauta. Macen kare ita ce karya, da k mara ƙugiya. Wadda ake yi da baki kuwa ita ce ƙarya, da ƙ mai ƙugiya. Wanda ya rubuta wa malaminsa cewa yana son ƙarya alhali karya yake nufi, to ya jawo wa kansa bulala a banza. A kula da ƙugiya.

Aikin me za a ba shi?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ƙanen namu ya riga ya amsa ta: tsaron dabbobi da gona. Hakan yana da muhimmanci, domin a ƙasar Gobir ba a san kare da zaman ado ba. Daga Sabon Birni zuwa Gatawa da Unguwar Lalle, daga Isa zuwa Turba da Bafarawa, har tsallaken iyaka zuwa Tsibiri da Gidan Rumji, kare ma'aikaci ne. Yana bin makiyayi, yana bin mafarauci a lokacin rani, yana kwana a bakin garke ko a bukkar mai noman albasa a fadamun Rima da Bunsuru da Gagare. Abin da malamanmu suka karantar ke nan: an halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun haɗa da gadin gida idan akwai buƙata. Ba a kwana da shi a ɗaki, kuma ƙwaryar da ya sa baki a ciki ana wanke ta sau bakwai. Mai son ƙarin bayani ya tuntuɓi malaminsa na Islamiyya.

Akwai wata magana da ba za mu tsallake ba. Duk mun san halin da yankinmu yake ciki na matsalar 'yan bindiga, har dubban mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi neman mafaka tun daga 2019. Wasu gidaje suna neman kare ne saboda wannan fargaba. Gaskiyar magana, iyakar abin da kare zai yi shi ne haushi ya tashe ku. Ɓarawon akuya da dila da kura suna shakkarsa, amma mai bindiga ba ya shakkarsa. Kada wani ɗalibi ya ji haushin kare da dare ya fita leƙe shi kaɗai don yana taƙama da karensa. A tashi manya.

Namiji: ƙarfinsa da matsalarsa

Yayan ƙanen namu bai yi kuskure ba. A kusan kowane jinsin kare, namiji ya ɗan fi mace girma da nauyi da faɗin kai, muryarsa kuma ta fi kauri. Ba ya ɗaukar ciki, saboda haka babu watan da zai ajiye aiki. Cinsa ya ɗan fi na mace, amma bambancin bai taka kara ya karya ba.

Matsalarsa ita ce ƙafa. Daga wata shida zuwa shekara ɗaya namiji yake balaga, daga nan kuma hancinsa ne yake jansa. Yana jin warin macen da take neman barbara daga nesa, sai ya haura danga ko ya tsinke igiya ya tafi, wani lokaci kwana biyu ko uku ba a gan shi ba. A daidai waɗannan kwanakin garken da aka ɗauko shi dominsa yana nan babu mai tsaro. Can inda ya je kuwa zai tarar da wasu mazan, a yi ta faɗa, ya dawo da yagaggen kunne da raunuka a wuya. Ku riƙe wannan batu na cizo tsakanin karnuka, domin za mu dawo kansa. Akwai kuma wani ƙari da yake fitowa a al'aurar karnuka masu yawo, wanda suke ɗauka a wurin barbara. Ga kuma ɗabi'arsa ta ɗaga ƙafa yana fitsari a jikin bango da buhu da turmi don shata iyakarsa, abin da uwar gida ba za ta lamunta ba.

Maganin yawancin wannan shi ne a fiɗiye shi. Fiɗiya tana rage yawo da faɗa da sauran maza sosai, kuma ba ta hana shi haushi ko tsaro. Aiki ne ƙarami a wurin likitan dabbobi, ana yi da allurar kashe zafi. Amma kada a kuskura a dandaƙe kare a gida irin yadda wasu suke yi wa bunsuru. Azaba ce, tana iya kashe shi, kuma mai riƙe shi zai sha cizo.

Mace: natsuwarta da nauyinta

Kaka ma tana da gaskiya. Mace ba ta cika nisa da gida ba, kuma wajen sa ido da haushi ba ta gaza namiji ba. Mafarauta da yawa suna yaba ta saboda rashin nauyin jiki da mayar da hankali. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya ɗauki kwikwiya ya ɗauki 'ya'yanta tun ba a haife su ba.

Ga yadda abin yake. Tsakanin wata shida da shekara ɗaya take fara neman barbara. Yawancin karnuka suna yin haka sau biyu a shekara, wasu jinsunan sau ɗaya, kuma kowane karo yana ɗaukar mako biyu zuwa uku. A wannan lokaci ita ba sai ta je ko'ina ba, mazan unguwa ne za su yi sansani a ƙofar gidanku dare da rana, da haushi da faɗa, ga ƙananan yara suna wucewa zuwa makarantar allo. Idan ta ɗauki ciki, kwana 63 ne, wato wata biyu da 'yan kwanaki. Bayan ta haihu za ta shafe kusan wata biyu tana shayarwa, cinta zai ninka, kuma a lokacin ne ta fi saurin cizon duk wanda ya matsa kusa da 'ya'yanta, ko da ɗan gida ne.

Mu yi lissafi irin na aji. A ce tana haihuwar biyar a kowane karo, sau biyu a shekara. Shekara ɗaya goma ke nan, shekara uku talatin. Gidaje nawa ne a unguwarku za su karɓi kwikwiyo talatin? Waɗanda ba a samu mai so ba, mun san ƙarshensu: a zuba a kwali a kai bayan gari, ko a bar yara su yi ta jifansu. Wanda ya mutu an ɗauki alhakinsa, wanda ya rayu kuma ya zama karen bola marar mai shi, ba allura ba kulawa.

Ita ma ana iya yi mata aikin hana haihuwa, sai dai nata tiyata ce sosai, sai an sumar da ita an buɗe ciki an cire mahaifa. Yana buƙatar ƙwararren likita da kayan aiki, irin wanda ake samu a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma ya fi fiɗiyar namiji tsada da jinya. Kada a saurari mai cewa a yi mata allurar tazarar haihuwa ta mutane. Irin waɗannan magunguna suna iya sa mahaifar karya ta tara mugunya har ta mutu.

Shi kuma karen cikin waya fa?

Golden Retriever ɗan ƙasar sanyi ne. Wani attajiri da ake kira Lord Tweedmouth ne ya fara haɗa irinsa a Sikotilan, arewacin Birtaniya, aka haifi 'yan kwikwiyon farko a 1868. Sunan yana nufin mai ruwan zinariya da yake ɗauko abin da aka harbo, domin aikinsa shi ne ya faɗa ruwan sanyi ya ɗauko wa maharbi tsuntsu. Shi ya sa gashinsa yake ninki biyu. Namijinsa yakan kai kilo 29 zuwa 34, macen kuma 25 zuwa 29. Yanzu ku ɗauko wannan mai bargo ku ajiye shi a Sabon Birni a watan Afrilu, lokacin da zafi yake haura digiri 40. Ga kaska da za ta samu maɓoya a cikin gashin, ga ƙarangiya. Sannan an san shi da son mutane, baƙo da ɗan gida duk ɗaya ne a wurinsa, saboda haka ba karen gadi ba ne. Turawan da suke gardama a kansa suna neman abokin zaman falo ne, kuma yawancinsu suna kai nasu a yi musu aikin hana haihuwa, abin da yake rage bambancin namiji da mace ƙwarai. Amsarsu ba za ta yi mana aiki ba.

Abin da ya kamata mu sani shi ne, su ma Turawan suna sha'awar namu. A arewa da mu, bayan Tawa, akwai kwarin Azawak da ya ratsa Nijar da Mali. Karen da Buzaye da sauran makiyayan wurin suke kiwo, dogo siriri mai gajeren gashi da dogayen ƙafafu, sunan kwarin yake amsawa, kamar yadda shanun Azawak suke amsa shi. An fara kai shi Turai a shekarun 1970, kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikakken jerinta a 2019. Namijinsa kilo 20 zuwa 25 ne, macen 15 zuwa 20. Karnukan ƙauyukanmu ma gajeren gashi ne da su da sirantar jiki, sun saba da zafi da ƙishirwa da ƙanzon tuwo. Kwikwiyon maƙwabci da ƙanenmu yake gani kamar ba komai ba, shi ne daidai da ƙasarmu.

Yadda ake zaɓe a cikin shidan

Halin kare ya fi dogara ga iyayensa da irin renon da ya samu fiye da kasancewarsa namiji ko mace. Saboda haka a fara duban uwar. In mai cizon mutane ce ba dalili, ko matsoraciya mai ɓuya, a nemi na wani gida. A bar kwikwiyo wurin uwarsa har ya cika mako takwas, domin a nan yake samun nono da ladabin farko. Ranar zaɓe a tsuguna a tafa hannu. Wanda ya taho yana kaɗa wutsiya ya fi wanda ya maƙale a lungu yana rawar jiki, ya kuma fi wanda yake ta danne 'yan uwansa da cizo. A duba ido ba kwantsa, hanci ba majina, fata ba ƙazwa, dasashi ja ba fari ba. Ƙaton tumbi a jikin ramammen kwikwiyo alamar tsutsar ciki ce, sai an ba shi magani.

Da yake aikinsa tsaron awaki ne, a yi masa makwanci kusa da su tun yana ƙarami don ya ɗauke su 'yan uwa. A ajiye masa kaskonsa na ci da na ruwa daban, a inuwa. Ban da albasa da tafarnuwa a abincinsa, domin suna lalata jinin kare, kuma ban da ba shi maganin ciwon kai na mutane. Duka da jifa ba sa koya wa kare tsaro, sai dai su koya masa cizo.

Abin da ya fi namiji ko mace muhimmanci

Yanzu mu dawo kan batun cizo. Ciwon haukan kare yana yaɗuwa ne ta yawu, idan dabbar da take ɗauke da shi ta ciji wata dabba ko mutum. Namiji mai yawon faɗa yana iya kwaso shi ya kawo gida, mazan da suke taruwa a ƙofar mace ma suna iya kawo shi har zaure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, wato sa'o'inku da ƙannenku. Kusan duk waɗanda suka kamu, daga kare suka samu. Ƙwayar cutar takan yi wata biyu zuwa uku tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, wani lokaci mako ɗaya kacal, wani lokaci har shekara. Raunin yana iya warkewa a manta da shi. Amma da zarar alamu sun bayyana, irin su firgita da kasa haɗiyar ruwa, da wuya ƙwarai a tsira.

Abin farin ciki, ana iya tare shi tun kafin ya kai nan. Tun a 1885 masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, ya ceci wani yaro ɗan shekara tara da mahaukacin kare ya ciza, ta hanyar allurar da ya haɗa. Ranar da Pasteur ya rasu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya. A nan Nijeriya, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo idan ya cika wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a kuma adana takardar shaida. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, ciwon yakan daina yawo a tsakaninsu. A tambayi ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukuma, a Isa ko a Sabon Birni, yadda za a samu.

Idan kuwa kare ya ciji wani, ko ya yakushe shi, ko ya lashi inda yake da rauni, ga abin yi, kuma muna so kowane ɗalibi ya haddace. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a duba agogo. Kada a tsaya shafa toka ko barkono ko man birki, kada a ɗaure. A tafi asibiti a ranar, a gaya musu cizon kare ne, a karɓi allurai har a kammala su. Cizon fuska da wuya da yatsu ya fi gaggawa. In an san karen, a killace shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara allura. Kuma don Allah kada tsoron faɗan iyaye ya sa wani ya ɓoye cizo a ƙarƙashin wando. Faɗan minti biyar ya fi makoki. Karen da ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da yawu, yana cizon itace da dutse, ko ya yi laƙwas bakinsa a sake, a nisance shi a kira manya.

Amsarmu

To ƙanenmu, ga inda muka tsaya. A halin da kake ciki, ɗalibi mai zuwa makaranta kullum, a garin da tiyatar mace take da nisa da tsada, mu namiji za mu ɗauka, bisa sharaɗi biyu: allurar haukan kare idan ya cika wata uku, da kai shi likita ya fiɗiye shi idan ya tasa. Mace ta dace da gidan da yake da katanga da ɗakin da za a kulle ta na mako uku, da kuma halin kai ta tiyata ko mutanen da suke jiran 'ya'yanta da gaske. In babu halin allura kuwa, to kada a ɗauki ko ɗaya, a bar wa maƙwabci abinsa. Rigakafi ya fi magani.

Saura abu ɗaya da za ka tattauna da Baba kafin ka je da kwali. Kare mai samun kulawa yana iya shekara goma ko fiye, kai kuwa saura shekara ɗaya da 'yan watanni ka gama sakandare, in Allah ya yarda ka wuce Sakkwato ko Zariya karatu. Wa zai riƙa zuba masa ruwa da abinci bayan tafiyarka? Wa zai tuna da watan allura? In akwai ƙanen da ya amince, ku fara renon tare tun yanzu don karen ya san shi.

Sauran ɗalibai kuma ga aikin gida. Ku ƙirga gidaje goma masu kare a unguwarku, ku tambaya cikin ladabi nawa ne aka yi wa allura a bana, ku fitar da kason cikin ɗari, ku gwada shi da 70 ɗin da muka ambata. Ku kai wa malamin kimiyya ko na aikin gona sakamakon, mu ma ku aiko mana, za mu buga na makarantun da suka fara isowa.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gaida malamai, a kuma dage da karatu.